DIFA: TUN RAN GINI RAN ZANE

Duk ranar Talata, tun kafin rana ta ɗaga, amalanke da motocin dakon kaya ke shigowa birnin Difa ɗauke da buhunan busasshen jan tattasai daga garuruwan bakin kogin Komadugu. Manoma da dillalai da ƴan dako da fatake suna cuɗanya cikin ƙurar yaji mai sa atishawa, ana taya kaya da Barbarci, ana amsawa da Hausa, ana biya wani lokaci da sefa, wani lokaci da naira. A ƴan shekarun nan wani baƙo ya shigo cikin harkokin wannan jaha, wato ƴar ƙaramar na'ura mai fuskar gilashi da ake gani a hannun samari da ƴan mata ma'aikatan hukuma da na ƙungiyoyin agaji. Da ita ake ɗaukar farashin kaya, da ita ake rubuta sunan mutum, da ita kuma ake tabbatar da cewa wance ta karɓi rabonta na cimaka.

Duk tambayar da ke fitowa a fuskar na'urar nan, da duk gurbin da ake cikewa, wani mutum ne ya zauna ya tsara su, sau da yawa a wani ofis mai nisan dubban kilomita daga Komadugu. In ya san aikin da jama'a ke yi, na'urar za ta rage musu wahala. In kuwa bai sani ba, to tsohuwa za ta wuni a layi cikin rana, manomi kuma zai koma gida ba a rubuta sunansa ba. Akwai ilimi na musamman a kan wannan batu, da kayan aiki na kwamfuta da aka ƙera dominsa, kuma ya kamata masu karatu su san da su.

Yadda na'ura ta shigo kwarin Komadugu

Kamar yadda aka sani, kogin Komadugu ya samo ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya tsawon kimanin kilomita 150, sannan ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. A bakinsa ake noman tattasan da ake yi wa kirari da jan zinariyar Manga. Kafin rikicin Boko Haram, jahar Difa takan fitar da kimanin tan dubu 10 na busasshen tattasai a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 Nijeriya yake tafiya.

Ranar 6 ga watan Fabrairu 2015 ba mai mantawa da ita, domin a ranar ce aka kai hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana kamun kifi da fataucin tattasai, aka taƙaita sayen takin zamani da man injin ban ruwa. Sai a shekara ta 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai, kamun kifi kuma sai 2019. A tsakanin nan dubban ɗaruruwan mutane sun bar gidajensu. Waɗansu sun sauka a sansanin Sayam Forage da aka buɗe a ƙarshen 2014, waɗansu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, musamman bayan harin Boso na watan Yuni 2016.

Ciyar da jama'a mai yawa haka sai da ƙidaya da rajista. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wato HCR, ta kawo tsarinta mai suna BIMS, wanda ke ɗaukar zanen yatsu goma da hoton ƙwayar ido biyu. Ma'aikatan bincike suka koma cika takardun tambayoyi a wayar salula da manhajoji irin su ODK da KoboToolbox. A fannin kiwon lafiya kuwa, ƙasar Nijar ta ɗauki tsarin DHIS2 don tattara rahoton asibitoci da ɗakunan shan magani. Cikin shekaru kaɗan, mutanen da yawancinsu ba su shiga lakkol ba sun wayi gari harkar abincinsu da lafiyarsu da shaidar ko su wane ne duk ta ratsa ta cikin na'ura.

Ilimin rarraba aiki daki-daki

Tun kafin a ƙera kwamfuta masana ke nazarin yadda ɗan Adam ke gudanar da aiki. A farkon ƙarni na 20, wani magini ɗan Amurka, Frank Gilbreth, ya zuba ido a kan masu jera tubali, ya ƙidaya motsin da suke yi, ya gyara tsayin dakalin da ake ajiye tubali da laka, har motsin jera tubali ɗaya ya ragu daga 18 zuwa 5. A shekara ta 1955, André Ombredane da Jean-Marie Faverge suka wallafa littafi da Faransanci a kan nazarin aiki. Daga makarantarsu ne aka samu wata ƙa'ida da masana masu magana da Faransanci ke riƙe da ita har yau: akwai aikin da aka umarta a takarda, akwai kuma aikin da ma'aikaci ke yi a zahiri, kuma tsakanin biyun akwai tazara. A 1967, John Annett da Keith Duncan na Ingila suka fito da hanyar zana aiki kamar itace: babban buri shi ne gindi, ya rabu zuwa rassa, kowane reshe ya rabu zuwa ƙanana, har a kai ga abin da hannu ko ido ko ƙwaƙwalwa ke yi sau ɗaya.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, masana uku a Amurka, Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell, suka ƙara wa itacen nan ma'aunin lokaci. A 1980 suka nuna cewa ana iya lissafa tsawon lokacin da gwani zai ɗauka a kan wani aiki tun kafin a ƙera na'urar. Bisa awonsu, danna harafi ɗaya yana cin daƙiƙa 0,28 ga mai matsakaicin sabo, amma yana kai daƙiƙa 1,2 ga wanda bai san inda haruffa suke ba. Kai linzamin kwamfuta kan abin da ake nufi yana cin daƙiƙa 1,1. Ɗan tsaikon da mutum ke yi ya shirya a ransa kafin mataki na gaba yana cin daƙiƙa 1,35. A 1983 suka haɗa wannan ilimi cikin littafi, aka san hanyar da sunan GOMS.

An gwada ƙarfin wannan lissafi a wani babban kamfanin tarho na jihar New York da maƙwabtanta, aka bayyana sakamakon a 1993. Kamfanin ya so ya saya wa ma'aikatansa masu haɗa kira sababbin na'urori, da zaton za su fi tsofaffin sauri. Lissafin masana ya ce za su fi jinkiri da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba a kowane kira, gwajin watanni kuma ya gaskata lissafin. Ga kamfanin, kowace daƙiƙa guda daidai take da dalar Amurka miliyan 3 a shekara.

Kayan aikin mai zane

Zana itacen aiki da alƙalami yana da wuya in rassa sun yi yawa, shi ya sa aka ƙera manhajoji na musamman. A birnin Pisa na Italiya, Fabio Paternò ya fito da tsarin ConcurTaskTrees a 1997, da manhajar CTTE da ake zana shi da ita. A cikinsa kowane reshe yana da alamar da ke nuna ko mutum ne ke tunani, ko na'ura ce ke aiki ita kaɗai, ko su biyun ne ke musaya. Tsakanin rassa kuma akwai alamomin lokaci: wannan sai an gama wancan, waɗannan biyu ana yin su tare, a nan zaɓi ne, wannan yana iya katse wancan sannan a dawo a ci gaba. Mai zane yana iya sa manhajar ta bi itacen mataki-mataki, ya ga inda hanya ta toshe.

A jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Bonnie John da abokan aikinta sun ƙera CogTool. Mai zane yakan jera hotunan fuskokin na'urar da yake son ƙerawa, ya nuna inda za a danna ɗaya bayan ɗaya, manhajar ta ba shi yawan daƙiƙun da gwani zai ci. A Faransa akwai K-MADe, akwai kuma HAMSTERS da masanan birnin Tuluz suka ƙera, wadda ke ba da dama a rubuta abin da mutum ke bukatar sani, da abin da zai riƙe a hannu, da kuskuren da zai iya yi a kowane mataki.

Amfanin kayan nan a fili yake. Gyaran zane ya fi rushe gini sauƙi. Sai dai manhaja ba ta san kome ba sai abin da aka zuba mata. In mai zane bai taɓa tsayawa a kasuwar Difa ba, itacen da zai zana na kasuwar da ke cikin kansa ne.

Buhun tattasai a kan itacen aiki

A ɗauka an ce a ƙera wa manoman Komadugu manhajar rubuta cinikin tattasai a wayar salula. Wanda ke zaune a ofis zai zana rassa huɗu: sunan mai saya, yawan kilo, farashin kilo da sefa, sannan a danna a ajiye. A takarda abin ya yi tsaf.

A kasuwa kuwa ba da kilo ake ciniki ba, da buhu ake yi, buhun da nauyinsa ke kai kimanin kilo 17, ƴan kiri kuma da tiya suke awo. Tattasan tsinkar farko da na tsinkar ƙarshe ba kuɗinsu ɗaya ba, mai saya sai ya tura hannu cikin buhu ya duba ja da bushewa. Tsakanin manomi da falke akwai dillali mai jiran la'adarsa. Sau da yawa wani ɗan kasuwa ya riga ya ba manomin bashin taki da man inji tun lokacin dashe, saboda haka wani kashi na buhunan biyan bashi ne, ba a ƙirga kuɗi a kansu. In an yanke farashi da naira, sai an je wurin mai canji kafin a san abin da ya kama da sefa, canjin kuma na safe dabam, na yamma dabam. Ko da sefar ce, bakin mutane da dala yake ƙirga: wanda ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, wanda ya ce jika biyar sefa dubu 5 yake nufi. Yaron da aka ba wayar, in ya ji dala ɗari ya rubuta 100 a gurbin da ke jiran 500, to ya rage kuɗin ninki biyar ba tare da ya sani ba, kuma na'urar ba za ta yi gardama ba.

Rassa huɗu sun koma fiye da goma, waɗansu ana yin su tare, waɗansu suna katse juna, kamar kiran salla ko isowar wani mai saya da tayi mafi tsoka. Alamomin CTTE suna iya ɗaukar wannan duka. Abin da ake bukata shi ne wanda zai zauna a rumfar dillali ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji.

Layin rajista

Wurin rajistar ƴan gudun hijira da masu karɓar agaji ya fi kasuwa tsanani, domin a nan kuskure yana nufin kwana da yunwa. Takardun da aka tsara a Turai sukan nemi sunan yanka da sunan iyali. A nan kuwa mutum da sunansa da na mahaifinsa ake kiransa, mace kuma takan ji nauyin ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari. A bakin iyaka irin ta Difa akwai ƙarin matsala: wanda aka rubuta Bukar a Damasak shi ne Boukar a Difa, Usman shi ne Ousmane, Aisha ita ce Aïchatou. Ga na'urar da ba a koya mata wannan ba, mutum ɗaya ya zama biyu, ko kuma a neme shi a rasa. Haka gurbin ranar haihuwa: tsofaffin takardun ƙasar nan da yawa cewa suke yi an haifi mutum wajen shekara kaza, in na'ura ta ƙi wucewa sai an ba ta rana da wata, ma'aikaci yakan sa 1 ga Janairu don ya samu hanya. Ga kuma yatsun manomi da masunci da mai dakan hatsi, waɗanda aiki ya goge zanensu, sai an dangwala an sake dangwalawa.

Lissafin Card da abokansa yana nuna abin da ƙaramin gurbi ke jawowa. Suna mai haruffa 15, a hannun mai matsakaicin sabo daƙiƙa 4,2 ne, a hannun sabon shiga daƙiƙa 18. Bambancin kusan daƙiƙa 14 ne, abin da ba wanda zai kula da shi a ofis. Amma in mutum 500 ke layi, daƙiƙa dubu 7 ke nan, wato kusan awa biyu na ƙarin tsayuwa cikin zafin watan Afrilu, ga mata masu goyo da tsofaffi, a kan gurbi guda ɗaya tak. Mai zanen da ya yi wannan lissafi tun farko zai tambayi kansa ko gurbin nan dole ne, ko ana iya zaɓen sunan gari daga jeri maimakon rubuta shi harafi-harafi.

Inda lissafi ya tsaya

Wajibi ne a faɗi iyakar kayan nan. An auna daƙiƙun GOMS a kan ma'aikatan ofis masu ilimin boko, zaune gaban allon haruffa, kuma lissafin na gwanin da ba ya kuskure ne. Bai san da hasken rana mai hana ganin fuskar waya ba, ko batir da ya mutu, ko layin sadarwa da ya yanke. Bai san da matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, wadda za a ce ta riƙe lambar sirri huɗu a ka. Jahar Difa kuwa gida ce ta Barebari da Fulani da Tubawa da Larabawa da Buduma da Hausawa, alhali rubutun da ke fitowa a yawancin na'urori Faransanci ne ko Ingilishi.

A nan binciken da aka yi cikin ƙasar nan yana da abin koyarwa. A shekara ta 2010, bayan ƙarancin cimakar da fari ya haddasa, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba jika 22 kowane wata har wata biyar ga iyalai a garuruwa 96 na jahar Tawa, waɗansu hannu da hannu, waɗansu ta wayar salula. Binciken da Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta jagoranta ya nuna cewa matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da jira, iyalansu kuma sun fi cin abinci iri-iri. Sai da aka ba su wayoyin aka kuma koya musu aiki da su kafin hakan ya yiwu. A jahohin Doso da Damagaram kuma, a 2009 da 2010, shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC ya haɗa karatun manya da koyon wayar salula, waɗanda suka bi ta wannan hanya suka fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. A ƙasar Indiya, Indrani Medhi da abokan aikinta sun gwada aika kuɗi ta waya da mutanen da ba su iya karatu ba: da rubutu zalla abin ya gagare su, amma da hotuna da murya sun kai ga gaci.

Manoman Nijar ma sun nuna hanya da kansu. Tun 2017 ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe cibiyar amsa kiran manoma da harsunan gida, ta kuma kafa zaurukan WhatsApp. Manomi yakan ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci, ya danna ya yi magana da bakinsa, amsa ta dawo masa da murya. In aka zana wannan a itacen aiki, rassansa ba su wuce uku ba, kuma babu reshen da ke neman karatu ko rubutu. Abin da ya sa ya karɓu ke nan.

Abin da ya rage a yi

Daga Yamai zuwa Difa tafiyar kimanin kilomita 1360 ce, daga ofisoshin da ake ƙera manhajojin duniya kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Wannan tazara ba za ta rufu ba sai da ƴan ƙasa masu ilimin abin. Tun 2014 Difa ke da jami'arta, akwai kuma ɗaruruwan matasa da suka shafe shekaru suna cika takardun bincike a waya, sun san kowane gurbi da ke sa mutane yin shiru ko ba da amsar ganin ido. Ilimin da ke kansu shi ne ainihin abin da manhajojin zanen aiki ke jira a zuba musu. Koyon zana itacen aiki bai fi ƙarfinsu ba, ana iya fara shi da alli a kan allo.

Ya kamata magabata da shugabannin ayyukan raya karkara, kafin su karɓi kowace sabuwar na'ura da za a ɗora wa talakawa, su nemi a nuna musu abu uku: zanen aikin kamar yadda aka gan shi a wurin, da sunan garin da aka je aka gani, lissafin lokacin da mutum ɗaya zai ci a gabanta, da sakamakon gwaji a hannun manoma da mata waɗanda ba su yi lakkol ba, cikin harshensu. Su kuma jama'a, in na'ura ta ba su wahala, kada su ɗauka laifin jahilcinsu ne su yi shiru. Su faɗa wa mai gari da wakilan ƙungiyoyinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutanen Komadugu sun iya tafiyar da ruwan kogi zuwa kowace fangali, sun iya riƙe lissafin bashi da canji a ka ba tare da takarda ba. Na'urar da za ta yi musu hidima sai ta fara koyon aikinsu. Allah ya zaunar da jahar Difa lafiya, ya sa albarka a noman bana.